Kansilan da Yake Auna Lungu da Makara

Falalu Sambo ba mutumin da ake taruwa don jin bakinsa ba ne. Shekara goma sha bakwai ya yi yana gyaran injin ban-ruwa a wata rumfa da ke bakin hanyar Bakura, a Talata Mafara, kuma ko a can ɗin inji ya fi shi surutu. Da 'yan jam'iyya suka rasa wanda ɓangarori biyu za su yarda da shi, sai aka tuna da Falalu, don ba a taɓa jin ya zagi kowa ba. Haka ya wayi gari kansila, baƙin mai bai gama fita daga faratansa ba.

Mazaɓar da aka damƙa masa kullum ƙaruwa take. Mutanen ƙauyukan Maradun da rashin tsaro ya koro suna ta sauka, gonakin gero na bayan gari suna komawa filaye. Duk wanda ya tashi gini sai ya ci taku ɗaya ko biyu a cikin hanya, a ganinsa ba mai lura. Da kowa ya yi hakan, sai lunguna suka tsuke, har babur biyu ba sa iya wuce juna.

A watansa na uku wata tsohuwa mai suna Marka, mutuniyar ƙauyen Faru, ta rasu a sabuwar unguwa. Aka kawo makara, ta ƙi shiga lungun. Dole aka naɗo gawar a tabarma, mutum biyu suka fito da ita a karkace, kafaɗunsu na gogar bango. Falalu yana cikin masu jira a bakin titi, kuma kunyar da ya ji ranar ba ta sake shi ba.

Bai kira taro ba, bai ɗauko tef ɗin awo ba, don ya san kowa yana iya musu da tef. Ran Asabar da hantsi ya je masallaci ya aro makara, ya samo majiya ƙarfi huɗu suka saɓa ta ba kowa a ciki, suka shiga lungu. Ƙa'idarsa ɗaya ce: ta shiga, ta sha kwana, ba tare da an karkata ta ba. Inda ta taɓa bango sai ya ja layi da gawayi, ya yi wa mai gida sallama, ya nuna masa iyakar inda za a rushe. Masu bakin da suka gagari mai unguwa sai ga su sun yi tsit, don ba wanda yake son jayayya da abin da zai ɗauke shi wata rana.

Aka sa masa suna Kansilan Makara. Mata suka riƙa jan yaransu cikin gida in sun hango shi. Amma cikin shekara ɗaya lungu tara suka buɗe, mai kurar ruwa yana kaiwa har ƙofa, mai naƙuda ta daina takawa zuwa titi neman mota. Ya sa an haƙa rijiyar burtsatse, ya matsa har aka yi wa ajin firamaren da iska ta yaye sabon rufi, sai dai waɗannan ba kasafai ake tuna su ba.

Lungu na goma shi ne na su Falalu. A bakinsa akwai shagon taki na wansa Maiwada, wanda ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu, ya kai shi koyon gyaran inji, ya yi masa aure. Shagon ya ci hanya, kuma duk unguwa ta sani. Falalu ya yi wata huɗu yana kewaye-kewaye, har aka fara cewa makarar kansila ba ta san hanyar gidansu ba. Sau biyu yana zuwa da niyyar magana, ya ƙare a hirar damina. A na uku ya daure ya faɗa.

Maiwada ya ce, "Ka kawo takarda, ka kawo tef, ka kawo hukuma in ka so. Amma kak ka kawo mini abin nan ƙofar gida. Ka san uwar ɗiyana tana kwance."

Falalu ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, gidajen da munka auna, wasu da marasa lafiya ciki. Ban ɗaga ma kowa ba."

"To ni kowa na?"

Falalu ya yi masa sallama ya tafi. Yana ƙaunar wansa, yana kuma tsoron rasa shi, amma ran Asabar ya zo da makara. Maƙwabta suka firfito, wasu har sun fara salati, don sun ɗauka Fatimatu matar Maiwada ce ta cika. Makara ta zo kwanar shagon ta tokare. Maiwada ya fito, bai dubi ƙanensa ba, ya karɓi gawayin daga hannunsa ya ja layin da kansa.

Washegari ya rushe gefen shagon, bai bari ma'aikacin hukuma ya taɓa masa bulo ko ɗaya ba. Fatimatu ta warke bayan sati biyu. Zaɓe ya zagayo, jam'iyya ta tsayar da wani mai iya magana, Falalu ya koma rumfarsa ba tare da ya yi ƙorafi ba. Har yau 'yan'uwan biyu suna gaisawa a masallaci, gaisuwa cikakkiya, har da tambayar iyali da gajiya.

Bulon da Maiwada ya ciro daga shagon kuwa bai zubar ba. Akwai wata 'yar ƙofa a katangar da ta raba gidajensu, wadda yara da kwanukan tuwo suke bi tun ranar da aka kawo amaryar Falalu. Da bulon nan ya toshe ta, ya sa magini ya shafe wurin da siminti.