Saura Izu Uku

Mahaifina yana da wata 'yar wuƙar aljihu mai naɗewa, mai ƙotar ƙaho, da ita kaɗai yake fiƙe alƙalami. A shekarar da nake ba da labari yana rubuta Alƙur'ani da ka, na huɗu a rayuwarsa, cikin izu sittin saura uku. A shekarar ce kuma likita ya gaya mana Baba yana da hawan jinin ido. Ya ce magani zai rage wa ciwon gudu, amma abin da ya tafi ba ya dawowa. Baba ya riga mu fahimtar maganar. Da gari ya yi haske yake shimfiɗa buzu a ƙofar zaure, ba ya ajiye alƙalami sai rana ta kore shi.

Ana cikin haka ƙusar da ta riƙe ruwan wuƙar ta karye. Na sayo masa reza, na sayo sabuwar wuƙa. Ya fiƙe da kowacce, ya gwada a gefen takarda, ya ture. Bakin alƙalamin ba ya fita yadda ya saba, shi kuwa ba zai yarda mai karatu ya zo ƙarshe ya ga kamar wani hannu ne ya ƙarasa ba. Ga maƙera birjik a Birnin Kudu, amma ya ce sai dai in kai ta Gwaram, gidan da aka ƙera ta. Wanda ya ƙera ta abokinsa ne, ya rasu, ɗansa ne ya gaji maƙerar.

Na hau babur na tafi ranar kasuwa, a lokacin ko ruwan shuka bai sauka ba. Maƙerin zai yi sa'ana, ƙato ne mai sanyin murya. Ya karɓi wuƙar, ya juya ta, ya gwada kaifin a gashin hannunsa.

"Kai, irin wannan ƙarfen ya ƙare," in ji shi. "Aikin ba wuya, ɗan Malam. Ka dawo kasuwa mai zuwa."

"Tun da ba wuya, a yi yanzu mana, in jira."

"Gawayi ya ƙare."

Wuta na ci bal-bal a gabansa. Na kalli wutar, na kalle shi, ko ƙifta ido bai yi ba. Ya jefa wuƙar cikin wani tsohon kwano mai ƙusoshi. Tun daga nan raina bai kwanta ba, don mai gyara ba ya yabon kaya haka sai da walakin.

Kasuwa mai zuwa ya ce ai wannan wuƙa ba a sa mata ƙusar banza, ta tagulla za a kawo daga Kano. Ta gaba ya ce wanda ya aika ya manta. Ta gaba na tarar da maƙera a rufe, maƙwabta suka ce yana gona wajen Farin Dutse. Na karɓi lambarsa. In na kira sau goma, ya ɗauka sau ɗaya. Wata rana ma ya maƙe murya ya ce min ƙaninsa ne, mai wayar ya fita. Na san tarinsa sarai, irin na mai shaƙar hayaƙi. Na ce wa ƙanin ya gaishe min da yayan, kuma ya nemi maganin tari, da alama na gado ne.

A zuwa na biyar ko na shida, yana fira da wani mai fartanya, na leƙa cikin kwanon. Ba wuƙa. Na ce biri fa ya yi kama da mutum. Da na tambaya sai ya ce ya adana ta a gida, kayan malamai ba a barin su a fili. Daga ranar na zama wani iri. In na shiga kasuwar Gwaram ba fuskokin mutane nake kallo ba, hannuwansu nake bi. Mai tsire, mai gyaran takalmi, mai yankan farce, kowa ina zarginsa da sayen wuƙar ubana. Har na taɓa tsayar da wani mai rake na ce ya nuna min tasa. Bawan Allah ya miƙo min wata wuƙa 'yar Sin mai ƙotar roba, ya ce ko lafiya? Na ji kunya, na sayi raken da ba na buƙata.

A gida kuwa abin da nake gudu ne yake faruwa a gabana. Baba ya daina rubutu, amma bai daina fitowa ba. Sai na lura buzun yana matsawa, daga bakin zaure zuwa gindin darbejiya, daga can zuwa tsakiyar fili inda haske ya fi yawa. Kullum na dawo daga Gwaram zai ji ƙarar babur ya ɗago kai.

"Yaya?"

"An kusa, Baba."

Na so in je da mutane mu karɓe ta ko da tsiya, gyararriya ko karyayya. Ya hana. Ya ce ɗan abokinsa ne, ba za a ji kansu ba. Ni dai na haɗiye, amma ina tafasa. Abin da ya fi ci min rai shi ne ranar da ya kira ni gefe, ya rage murya ya ce, "Ko dai a hannunka ta ɓata, kake jin nauyin faɗa min?" Wato zargin da nake yi wa wani ya zagayo kaina. Ranar ban iya cin tuwo ba.

Sai da aka fara yankan gero sannan haƙurina ya ƙare. Na isa maƙerar da hantsi, na kafe babur, na zauna a kan kututturen da ke ƙofa.

"Malam, yau ba inda za ni. Ko ka ba ni wuƙa, ko ka ba ni tabarma."

Ya yi dariya, ya ga ban yi ba. Ya yi 'yan kame-kame, masu jiran aiki suka fara kallonmu. Can sai ya sa hannu a aljihun rigarsa, ba gida ya aika ba, ya zaro ta. An ɗaure wuyanta da zare don kada ruwan ya yi lilo. Da na karɓa na shinshina, ƙamshin ɓawon lemo ne ya buge ni. Ashe duk watannin nan lemo yake ferewa da ita. Ya gutsuro wata waya daga ƙasa, ya zura, ya buga mata guduma 'yan sau kaɗan. Kafin mai fura da ke wucewa ta kai ƙarshen layi, an gama.

"Ina ta tagullar daga Kano?"

"Ai wannan ta fi ƙarko," in ji shi, ko a jikinsa. "A gai da Alaramma, a ce ya sa mu a addu'a."

"Zai sa ka," na ce. "Irin addu'ar ce ban sani ba."

Washegari da safe na miƙa wa Baba. Bai kai ta kusa da ido ba, da babban yatsa ya bi ta tun daga ƙota har tsini, ya ce ita ce. Ya ɗauki kara ya fiƙe, hannun nan bai manta komai ba, alƙalami ya fito tsaf. Ya laluba ya sami bakin kurtun tawada. Ya jawo takardar gwaji ya rubuta layi guda, a hankali, hancinsa kusan yana taɓa takardar. Layin ya fara daidai, sannan ya gangara, haruffan ƙarshe suka hau kan juna.

Ya miƙo min. "Duba min. Ya miƙe?"

"Ya miƙe, Baba."

Ya karɓi takardar ya ajiye gefe.

"Zuwa Gwaram ya koya maka magana," in ji shi.

Ya goge bakin alƙalamin, ya naɗe wuƙar. Sannan ya ce in ɗauko gafaka in mayar da takardun yadda suke, in sa fararen a ƙasa, in ɗaure da kyau kada gara ta shiga.