Tsarabar da Malam yake kawo mini daga Goronyo

Shekara tara ke nan da aka kai mijina, Malam Bello, makwancinsa a Rimawa. Malamin Turanci ne a wata sakandare a Goronyo, ni kuwa littattafan soyayya na kasuwa sun cika mini kai. Na yi ta mafarkin saurayi mai mota da turare, Allah ya ba ni mai tsohon babur da farin alli a hannun riga.

Bai iya daɗin baki ba, asalin magana ya iya. In ya dawo daga aiki, matan unguwa a kawo musu tsire, ni tsarabata karin maganar Turawa ce guda, da labarin inda ta fito. Ya ce kwanakin amarci watan zuma suke kiransu. Ina cikin murna sai ya ƙara da cewa ai wata in ya cika raguwa yake yi. Ranar da fushi na tuƙa tuwo.

Yau Turanci ya cika bakin samari, a waya suke kwasowa, ba mai tambayar tushe. Ko me Malam zai ce? Ya taɓa gaya mini kalmar da ma'aikata ke kiran wa'adi da ita, asalinta layi ne a wani kurkukun yaƙi, fursunan da ya ƙetare a harbe shi. Kamar tatsuniya na ji abin. Yanzu da 'yan bindiga ke aiko wa ƙauyukanmu wa'adi, albasa na ruɓewa a fadama, wani lokaci nakan ce gara da bai gani ba. Duniya rawar 'yan mata ce.

Abin da ya fi ci mini rai mantuwa ce. Na bakin gulbi ba ya tanadin ruwa, ban ajiye komai ba. Kwanan baya 'yarmu Hadiza, wadda ya bari tana goye, ta dawo daga makaranta ta ce, "Inna, an ce Turawa in ruwa ya yi yawa, wai kyanwa da karnuka ka zubowa. Mi Baba yac ce a kai?"

Na tuna tabarmar da muke kai ranar da ya ba ni labarin, na tuna dariyarsa. Labarin kuwa ya tafi. Sai na ƙaga mata nawa, har da 'yar sarki da hadari.

Da na gama ta ce lallai babanta na da hikima. Jiya na ji tana ba ƙawayenta labarin da sunansa. Gadon da ya rage mata ke nan, rabi shi, rabi ni, kuma ba ta da wanda zai rarrabe mata.

Allah ya jiƙan Malam, ya sa ya huta.