Baba Yusif, Wa Zai Yi Mini Magana Yanzu?

Daga Allah muke, kuma duk nisan ƙasar da muka je, wurinsa za mu koma. Ranar Alhamis, 15 ga watan Mayu, 2025, da hantsi, Allah ya karɓi ran Malam Yusif Adamu, wanda yaran unguwarmu ta Thamesmead ke kira Baba Yusif, bayan ya kwana biyar a asibiti. Ina makaranta abin ya faru. Da na dawo na tarar da Umma zaune a kan matakala da mayafinta, ko takalmi ba ta cire ba. Tun kafin ta buɗe baki na gane.

Sau biyu na je gaisuwa. Duk lokacin da na durƙusa gaban matarka, Mama Anatu, sai in tashi ban iya yi mata ta'aziyyar ba. Shi ya sa na rubuta wannan. Ka san ni, Baba Yusif, ka san magana ba ta zo mini da sauƙi.

Ga waɗanda ba su san shi ba, mutumin zangon Kumasi ne, direban bas. Kafin ya zo Landan ya yi shekara tara yana aiki a wata mayanka a Melbourne ta ƙasar Ostireliya, a can ya koyi ƙwallon Ostireliya. Ƙwallon nan siffar gwanda gare ta. Ana harbinta da ƙafa, ana kuma naushinta da hannu a miƙa wa abokin wasa, kuma idan ta faɗi ƙasa ba wanda ya san inda za ta nufa. Duk Asabar da safe yakan tara mu a filin da ke bayan tafkin unguwarmu, da sanduna huɗu da ya yi da bututun ruwa, ya koya mana kyauta.

A cikin bas ɗinka ka fara ganina. Lokacin ina aji shida na firamare, watanmu huɗu da zuwa daga Katsina, kuma na fi malamar ajinmu tsawo. Yara suna kirana sandar fitila. Saboda haka na koyi tafiya a duƙe, ina sa jaka a gaba. Ka ji muna Hausa da Umma, ka gaishe ta, sannan ka dube ni ta madubi ka yi mini magana da irin Hausarku wadda ba ta raba mace da namiji: "Kai, yarinya, Allah ya ba ka tsawo, me ya sa kana ɓoye shi? Ka zo fili ranar Asabar." Umma ta yi dariya har muka sauka. Ni kuwa ji na yi kamar in shige ƙarƙashin kujera.

Ranar farko ƙwallo ta sauko mini a hanci, jini ya ɓata mini hijabi. Ban yi kuka ba, amma na rantse a raina ba zan dawo ba. Ranar Laraba sai ga 'yarka Nimatu a ƙofar flat ɗinmu da leda. Hijabi ne guda biyu, ƙanana, masu kama kai, waɗanda Mama Anatu ta ɗinka don kada wani ya ja ni da su a wurin wasa. Ba ka aiko da wata magana ba. Na koma.

Wata shida ina rufe ido idan ƙwallo ta taso sama. Ba ka taɓa yi mini tsawa ba. Ka ce mini a wasan nan, duk wanda ya cafe ƙwallon da aka harbo kafin ta taɓa ƙasa, alƙali zai busa usur, kowa ya ja da baya, ba mai ikon taɓa shi sai ya gama shawara ya harba. Ka ce wannan doka don masu kunya irina aka yi ta. Ranar da na fara cafewa ido a buɗe, ka jefar da hularka sama, iska ta kai ta cikin tafki, ka koma gida da sanƙo a fili cikin sanyin Nuwamba.

Ba ka barin fili sai an zo an ɗauki yaro na ƙarshe. Idan ana ruwa, shayinka na cikin fulas ya zama na kowa. Ka san wanda bai karya ba tun daga yadda yake gudu.

A watan Afrilu wata mata ta zo daga wani kulob na Melbourne, sunanta Madam Bronwyn. Aikinta yawo ƙasashe tana neman 'yan mata dogaye da za a koya wa wasan tun suna ƙanana. Waɗanda aka zaɓa za su je makarantar horon kulob ɗin na mako uku a hutun Agusta, kuma a ci gaba da bibiyarsu har su girma. Ta auna tsawona da faɗin hannuwana. Ta shafa mini alli a yatsu ta ce in yi tsalle in taɓa bango. Da ta ga inda allin ya tsaya sai ta sake aunawa. Ta ce za a yi gwaji ranar 24 ga Mayu, 'yan mata takwas za a ɗauka daga duk Ingila, amma ƙa'idarsu ce ba sa ɗaukar yarinya sai sun zauna da iyayenta a gida.

Ranar Lahadin da ta zo gidanmu kana bakin aiki. Ka ce ba komai, gaisuwa ce kawai.

Ni ce 'yar fari a gidanmu. Tun da nake ban taɓa jin Abba ya kira sunana ba. "Ke" yake cewa, ko "yarinyar nan". Duk wanda ya tashi a wajenmu ya san wannan alkunya ce, ba ƙiyayya ba. Madam Bronwyn ba ta sani ba. Ina bayan ƙofar kicin riƙe da faranti na ji ta tambayi Abba me yake gani game da baiwar 'yarsa. Abba ya yi 'yar dariya, ya ce mata da Turanci tsawo ne kawai, ba wani abu, ko wanke-wanke sai an yi da ita, shi bai san abin da suka gani a jikinta ba. Ta juya wurin Umma. Umma ta sunkuyar da kai ta ce gaskiya ne, raguwa ce. Na ji ƙarar Madam Bronwyn ta rufe littafinta. Ko cincin da na kai mata ba ta taɓa ba.

Ranar Asabar, 10 ga Mayu, ka kira ni gefe ka karanta mini saƙon da ta turo maka. Ta ce ina iya zuwa gwaji, amma ba za su kai yarinya wata duniya ba alhali iyayenta ba su yarda da ita ba. Kai kuwa ka yi ta dariya har da tari. Ka ce laifinka ne, kai ya kamata ka zauna a ɗakin. "Uba ba ya yabon ɗan fari da bakinsa, sai ya aro baki," ka ce. "Ni ne bakin Alhaji, babanka. Ranar Litinin zan kira ta. Je ka yi gudu."

Na tafi gudu. Zagaye na biyu na hango ka zaune a kan ciyawa, abin da ba ka taɓa yi ba. Kafin in ƙaraso ka kwanta ta gefe, usur yana bakinka. Nimatu tana ta kiran ka, wata uwa tana danna maka ƙirji, wani yana waya. Ni ina tsaye riƙe da ƙwallo. Ban matso ba, ban yi ihu ba, ban kira kowa ba. Har motar asibiti ta tafi da kai ƙwallon tana hannuna. Wannan tsayuwar da na yi ita ce abin da ya fi damuna, kuma ban taɓa gaya wa kowa ba sai yanzu.

Tun daga ranar tsoro bai sake ni ba. Idan waya ta yi ƙara sai in zabura. Idan Abba ya yi tari sai in leƙa. Idan bas ta tsaya ba na iya duban kujerar direba. Ga kuma wani tsoron da nake jin kunyarsa: ana zaman makokinka, ni ina ƙirga kwanakin da suka rage kafin gwaji, ina tambayar kaina wa zai kira matar nan. Ka yafe mini. Mama Anatu ta shiga takaba, ba ta fita. Na roƙi Umma, ta ce, "Ke, da wane bakin? Ni ma fa 'yar farina ce ke." Abba kuwa ban ma san ta inda zan fara ba. Sau huɗu na rubuta wa Madam Bronwyn email ina gogewa, domin duk yadda na juya maganar sai ta fito kamar ina kai ƙarar iyayena.

Ranar gwaji Umma tana aiki, Abba ne ya kai ni. A wani babban fili aka yi, 'yan mata sun fi arba'in, duk da iyayensu suna tafi suna kiran sunayensu. Abba ya tsaya can nesa kusa da mota, hannuwa a baya. Ƙwallo biyun farko sun suɓuce mini. Ta uku na cafe ta a kan wata yarinya da ta fi ni ƙiba, muka faɗi tare, amma ban sake ta ba.

Da aka tashi Madam Bronwyn ta zo inda muke. Ta yi mana ta'aziyyarka, ta ce kai ne ka fara turo mata bidiyona. Sannan ta tambayi Abba ko akwai abin da yake so ya ƙara a kan maganarsu ta rannan. Abba ya dubi ciyawa. Ta jira, ta gyaɗa kai, ta fara mai da alƙalami cikin aljihu.

Ban san lokacin da na fara magana ba. Muryata ta fito siririya kamar ba tawa ba. Na gaya mata da Turanci cewa a wurinmu uba ba ya yabon 'yarsa ta fari a gaban mutane, ko sunanta ba ya faɗa, kuma iya yadda yake son ta iya yadda zai rage ta a baki. Na ce kai ne ka yi niyyar yi mata wannan bayani. Na ce duk Juma'a bayan Magariba Abba yakan ɗauki takalman wasana ya kankare taɓon da tsohon buroshi a banɗaki, ya ajiye su bakin ƙofa, yana tsammanin ban sani ba. Da na kai nan sai numfashina ya ƙare.

Ta dubi Abba ta tambaye shi ko haka ne. Abba bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya ce mata rana ta yi, akwai cunkoso a hanya, ya buɗe mota.

Har muka iso Thamesmead ko rediyo bai kunna ba. Na tona abin da ya shekara biyu yana rufewa, a gaban baƙuwa, kuma ni da bakina. Kwana uku ina cin abinci a ɗaki. Ina jin tsoron na rasa gurbin, ina jin tsoron kuma na rasa wani abu tsakanina da Abba wanda ya fi gurbin.

Ranar Talata da yamma saƙo ya shigo wayarsa muna tebur. Ya karanta, ya sake karantawa, ya kife wayar. Bai dube ni ba. Ya ce wa Umma, "Ki duba fasfon yarinyar nan, kada a je ya ƙare. Ki kuma nemi hutu a wurin aikinki, ba za ta tafi ita kaɗai ba." Ya tashi ya ɗauki hularsa ya tafi masallaci.

Baba Yusif, ina cikin takwas ɗin. Ban yi murna yadda na zata ba. An ce tafiyar ta fi kwana guda a sama, an ce a Agusta sanyi ake yi a can, kuma duk waɗanda zan tarar ba wanda ya san ni. Kai kaɗai ka san garin, kuma ban tambaye ka komai a kansa ba, don na ɗauka akwai lokaci. Har yanzu tsoro nake ji. Amma zan je.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Yusif. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi. Duk yaron da ya jira a bakin fili har aka zo ɗaukarsa, duk cikin da ya ɗumama da shayi, ka sa masa a mizani. Ka sa Aljannar Firdausi ce makomarsa.

Mama Anatu, ga gaisuwar da na kasa yi miki da baki. Allah ya ba ki haƙuri, ya sa ki fita takaba lafiya. Yaya Fawaz da Nimatu, Allah ya ba ku dangana, ya raya ku a kan tarbiyyar mahaifinku. Ina miƙa ta'aziyya ga 'yan'uwansa na Kumasi, da abokan aikinsa direbobi, da duk yaran filin bayan tafki. Mu kuma da muka rage, idan tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.

Zinatu Uwaisu
Thamesmead, Landan