Murɗin Bahago

Motar mahaifina ta girme ni da shekara biyu, ta kuma fi ni taurin kai. Ranar rabon gado kowa kauce mata ya yi, ni na ɗauka. Da ita na zo Suleja a farkon shekarun casa'in, da aka dawo da ofishinmu Abuja.

Da rani lafiya lau muke. Amma damina na faɗuwa, sai ranar da ta ga dama take tashi. Laifin kwantak ne, wasu 'yan ƙarafa biyu da ke buɗewa suna rufewa don fulogi ya samu wuta; danshi kaɗan sai su yi yaji. Maƙwabta sun tura ni har sun fara ɓuya in suka ji motsina da safe. Sau biyu ana ba ni takardar gargaɗi kan makara, shugabana ya ce babu ta uku. Matata ta ce ko in gyara ta a makon nan ko in kai ta gwangwan. Ni kuwa sayar da ita ji nake kamar a sake binne mini mahaifina.

Wani abokin aikina ya kawo mini wani ɗan akwati daga Legas, bai fi kwalin ashana biyu ba, wai shi ke maye gurbin kwantak. Guda ɗaya ne tak, kuma ya ce waya ɗaya in ta kuskure, ya ƙone ke nan.

Ranar Asabar da hantsi na kai motar wurin wani dattijon rewaya, mai gyaran wutar mota, a bakin hanyar Madalla. Mutumin Filato ne, ba shi da yawan magana. Ya ɗaga bonet, ya duba takardar akwatin, wadda ta ce ja nan, kore can, sai ya yi 'yar dariya. Shekara talatin masu gyara suna ƙari da abin da suka samu, duk wayoyin sun koma baƙaƙe.

Ya sa na murɗa makulli, ya riƙa taɓa wayoyin da ƙwan gwaji. Biyu suka kunna ƙwan.

"Oga, ɗaya daga makulli take kai tsaye, ita muke so. Ɗayar ta yi yawo, ban san inda ta bi ba. Ita ce za ta kashe mana akwati."

Na ce to wacce? Raina ya soma ɓaci, don na ga ya ajiye kayan aiki yana ware tsohon tef da farce, kamar mai ɓare gyaɗa. Ya daɗe yana shafa inda aka haɗa wayoyin, ya bi ɗaya da yatsa har ƙarƙashin sitiyari, sannan ya ɗago.

"Motar nan hannu huɗu ko biyar suka taɓa ta. Duk sauri suke. Amma akwai mutum ɗaya da ba ya ha'inci, haɗinsa ko tsatsa babu. Murɗinsa hagu yake tafiya. Bahago ne. Tasa zan bi."

Mahaifina da dama yake cin abinci, da dama yake gaisawa, don tun yana yaro aka hore shi a kan haka. Ko ƙannena ba su san shi bahago ba ne. Sai in ya duƙa cikin injin nan, shi kaɗai, hagun ke fitowa. Ni kaina na manta.

Dattijon ya haɗa jar wayar akwatin da ta bahagon, ya ɗaure koriyar a koyil ɗin da ke tura wa fulogi wuta, ya naɗe da tef. Ya ce in gwada. Na yi bismilla, na taɓa makulli. Kafin in gama murɗawa ta tashi, da wata murya mai laushi da rabona da ita tun ina firamare. Na zauna kawai ina saurare. Ban taɓa jin mamakin aikin ɗan Adam irin na ranar ba: mutum ya shekara biyar a kabari, wani da bai taɓa ganinsa ba ya gane hannunsa.

Ya miƙo mini tsohon kwantak a tafin hannu, ya ce in zan sake gyara kada in bar kowa ya yanke haɗin bahagon.

"Ka san shi ne, oga?"

Na ce, "Babana ne."

Ya goge hannunsa a jikin riga, ya rufe bonet a hankali, ba kamar yadda ya buɗe shi ba. Ranar Litinin ana tsuga ruwa na riga masinja isa ofis.