Odessa da Matan Masana'antar Kwalba

A Belmire, ɗan garin nan da ke bakin kogin Ohio, abu biyu ne ke tara jama'a: jiniyar masana'antar kwalba, da kuma ƙwallo, irin wadda ake runguma a ruga da ita, ƙarti sanye da hular kwano suna karo kamar raguna. A nan aka haifi Odessa Tillery, auta kuma mace tilo a gidan Cleophus Tillery, mutumin Alabama da neman aiki ya kawo shi arewa.

Cleophus ya buga ƙwallo da ƙuruciyarsa a makarantar baƙaƙen fata, kuma bai taɓa bari kowa ya manta ba. Duk Lahadi in an taso daga majami'a sai ya tasa 'ya'yansa maza zuwa wani fili a bayan layin dogo. Aikin Odessa shi ne gadin riguna. Wata rana mutum ɗaya bai zo ba, aka ce ta shigo ta cike gurbi. Da ƙwallo ta shiga hannunta, babban yayanta Roscoe ya taso mata hannu a buɗe yana dariya. Ta yi kamar za ta bi dama, ta gilma hagu, sai ga Roscoe kwance cikin ciyawa yana rungume da iska.

Cleophus ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya samu numfashi sai ya girgiza kai ya ce, "Kai, 'yar nan! Da ke namiji ce, da tuni mun bar wannan unguwar."

Yabo ya yi nufi, amma maganar ta daɗe tana ci mata rai. Makaranta ba ta da ƙungiyar mata. Ta gama, ta kama aiki a masana'anta tana tsince fasassun kwalabe daga kan bel ɗin injin da ke jan su. Ta yi aure, ta haifi ɗa, auren bai yi ƙarko ba, ta dawo gidan ubanta.

Wadda ke tsayawa kusa da ita a wurin aiki ita ce Bernadette Wojcik, wata ƙatuwar mace, jikar 'yan Poland, mai murya kamar ta direban babbar mota. Wata safiya, a farkon shekarun saba'in, Bernadette ta zungure ta da gwiwar hannu.

"Ke Dessa, an buɗe ƙungiyar mata."

"Ta ɗinki?"

"Ta ƙwallo, sakarya! Da hular kwano da komai. Ni dai na gaji da fasa kwalba, mutum nake so in fasa."

"Ni da ɗa a gida? Ki rufa mini asiri."

"To zauna. Dama na ji an ce gudun naki a baki ne kawai."

Wannan zolayar ce ta kai ta fili ran Asabar. Wanda ya haɗa ƙungiyar, Koci Stan Marek, tsohon ɗan kwana-kwana ne da ya yi ritaya. Ya roƙo tsofaffin kayan wasa daga makarantar maza, ya sa wa ƙungiyar suna Walƙiya. Hular da aka ba Odessa ta yi mata yawa, sai da ta cusa safa a ciki kafin ta zauna. Koci ya ce su yi tsere ya gani. Kafin sauran su kai rabin fili ita har ta juyo. Ya cire sigarin bakinsa, ya dube ta sama da ƙasa.

"Ina kika ɓuya duk shekarun nan?"

"Layi na uku, wajen tsince kwalba," in ji ta.

Wasansu na farko, dariya mutane suka zo yi. Maza suka cika benci da gwangwanayen giya suna ihu, "Ku koma kicin! Wa ke dafa wa mazanku abinci?" Amma da Bernadette ta danna mata ƙwallo a ciki, ta ga 'yar kafa ta buɗe tsakanin mata biyu, sai duk hayaniyar ta ɗauke mata. Sau uku tana tsallake layin ci a ranar. Kafin a tashi, masu cewa a koma kicin su ne ke tambayar sunanta.

Cleophus bai je ba. Ya ce ba zai zauna ana yi wa 'yarsa ihu kamar an ga biri a kasuwa ba. Sai dai duk shagon askin da ya shiga, zancenta ake yi. Ran nan ana tsakar wasa Odessa ta hango shi tsaye jikin wayar da ta kewaye filin da hular zuwa majami'a. Da aka tashi ya matso, fuska ba yabo ba fallasa.

"Kina riƙe ƙwallon nesa da jiki. Wata rana za a fizge."

"To, Baba."

"Matse ta nan, ƙarƙashin hamata. Gobe ki same ni bayan layin dogo."

Ta juya baya don kada ya ga hawayenta. Daga ranar bai sake fashin wasa ba, kuma babu alƙalin wasan da ya tsira daga bakinsa.

A shekararsu ta uku Walƙiya ta kai wasan ƙarshe. Abokan karawarsu daga babban birni suka zo, a doguwar bas, da sababbin riguna farare, kuma rabon da a ci su har an manta. A cikinsu akwai wata Louella Banks, wadda aka ce ta taɓa karya wa mata biyu haƙarƙari a wasa ɗaya. Tun safe ake ruwa, filin ya koma kamar fadama. Duk da haka garin kaf ya fito, har da limamin majami'a da lemarsa.

Louella ta zame wa Odessa ƙarfen ƙafa. Duk inda ta ɓulla sai ta tarar da ita. A karo na farko da ta maka ta da ƙasa, ta sunkuyo ta ce, "Sannu 'yar kwalba. A hankali, kar ki fashe."

Odessa ta tofar da taɓo. "Ajiye numfashinki, Anti, za ki neme shi an jima."

Lokaci ya kusa ƙarewa Walƙiya na baya da maki huɗu, ga su can kusa da nasu layin, fili gaba ɗaya a gabansu. Koci ya yi alama a jefa ƙwallo sama. Matan suka haɗa kai a da'ira, hancin Bernadette na zubar da jini.

"Ƙwallon nan santsi take kamar sabulu," ta ce. "In na jefa, Allah kaɗai ya san hannun da za ta faɗa. Dessa, akwai saura a ƙafafun nan?"

"Ku buɗe mini ko da faɗin tafin hannu ne."

Suka buɗe mata. Ta kutsa, ta sha ƙarƙashin hannun wata, ta yi juyi ta bar wata zaune cikin ruwa. Taɓo ya riƙe takalminta na dama, ta bar masa, ta ci gaba da safa. Tana jin muryar ubanta sama da ta kowa, "Matse ta! Matse ta!" Ta wuce tsakiya, ƙirjinta na zafi kamar an zuba garwashi. Saura kaɗan ta kai, sai ta ji hannu ya damƙi rigarta ta baya. Louella ce. Odessa ba ta tsaya ba. Ta duƙa, ta ja ƙatuwar nan kamar saniya da garma, ta miƙa jiki, suka zube tare a kan layi.

Fili ya yi tsit. Alƙalin wasa ya rugo, ya duba, ya ɗaga hannu biyu sama, alamar ta ci maki shida, Walƙiya ta yi nasara.

Abin da ya biyo baya, har yau tsofaffin Belmire in sun tashi ba da labarinsa sai sun miƙe tsaye. Mutane suka tsallake waya. Wani ya ruga masana'anta ya saki jiniya ba lokacin tashi ba. Bernadette ta saɓa Odessa a kafaɗa, Koci Marek yana kuka kamar yaro, yana cewa ruwan sama ne ya shigar masa ido. Cleophus kuwa ya shiga taɓo da kwat ɗinsa ya tono takalmin, ya ɗaga shi sama yana gaya wa duk wanda ya gani, "'Yata ce! Ni na haife ta!"

Gasar matan ba ta daɗe ba ta watse, daga baya masana'antar ma ta rufe. Odessa ta koma tuƙa bas ɗin 'yan makaranta har ta yi ritaya, da gwiwa ɗaya mai ciwo duk lokacin sanyi. Da yamma takan tara 'yan matan unguwa ta koya musu gudu da kauce wa mai tare su, kuma da yawansu sun yi nisa a wasanni.

Abin da ba wanda ya zata shi ne amincinta da Louella. Duk shekara ranar bikin godiya, da dangi ke taruwa cin abinci tare, Louella kan tuƙo mota tun daga birni da kek ɗin dankali a kujerar baya. Yanzu duk sun yi furfura. Da an yanka talo-talo, jikoki sun zagaye tebur, sai Louella ta ajiye cokali.

"Ni dai a gaban yaran nan zan faɗa. Gwiwarki ta taɓa ƙasa kafin layi, cin nan bai halatta ba."

"To je ki gaya wa alƙalin."

"Ai ya mutu."

"Kin ga magana ta ƙare ke nan," in ji Odessa. "Miƙo mini miyar nan, Anti, hannunki ya fi nawa tsawo."