Rumbun da Inna ta shiga

Ran Juma'a za a kwance rumbun da wata mai zane-zane ta kafa don nuni cikin wani zaure a Tasawa.

Jiya na kai Inna. Zanen lokacin fari da ke bango, kallo ɗaya ta yi masa ta wuce. Rumbun kuwa shiga ake yi, kuma a garinmu Urafane mace ba ta leƙa rumbun mijinta. Ta cire takalmi, ta shiga, ta daɗe. Ba ko zangarniya ciki, sai ƙanshin tsohon gero.

"Inna, lafiya?"

"Ashe abin da marigayi babanku yake gani ke nan kowace safiya, a farin zamanin soja, ya fito ya ce mini akwai saura."

Tana so ta sake shiga. Wanda ya san inda za a kai rumbun, don Allah ya gaya mini: an ce garin Mayahi za a kai shi, amma ba a tabbatar ba tukuna.