Hauren da Abednego Ya Ƙara

Duk Mpape babu kafintan da ya tsani karyayyen abu kamar Abednego. Shekara ashirin da biyu ina suyar ƙosai a gaban rumfarsa, ban taɓa zama a gurgun benci ba, don kafin in buɗe baki ya riga ya kifa shi yana bugu. Mutumin Zonkwa ne, gajere, mai tumbi, kullum da fensir a bayan kunne. Ina kiransa angona, matarsa Kindness kuwa ta ce in ɗauka kyauta, har da takalmansa. Taƙamarsa ɗaya ce a duniya: ba a taɓa ba shi kaya ya mayar da lahani ba.

Wata Laraba, Madam Kalyani, wata Ba'indiya da yake gyara wa ƙofofi a Maitama, ta ba shi abin bautarsu naɗe a tawul ya gyara mata. Sanyin esi, na'urar sanyaya ɗaki, ya busar da katakon har gindinsa ya tsage. Ya rungumo shi a kan okada, suka sha gargadar hawan Mpape. Da ya kwance tawul sai ga mutum mai kan giwa, hannu huɗu, ga ɗan ɓera a ƙafarsa, ƙamshin sandal ya cika rumfa.

Na ce, "Angona, ashe kana da ɗan'uwa a Indiya? Dubi tumbin."

Bai yi dariya ba. Haure ɗaya cikakke ne, ɗayan guntu.

Ya ce, "Iya, na kashe kaina. A hanya ya karye."

Ya kakkaɓe tawul, ya bi titi a ƙafa har mahaɗar masu fasa dutse, kai a ƙasa kamar mai neman allura. Babu. Ya dawo ya yanki maɗaci, kwana uku yana sassaƙa ɗan abin da bai kai yatsata ba, ya rina shi da ganyen shayi, ya liƙa. Ko ni da idona na gulma ban ga mahaɗin ba. Na ce ya mayar ya yi shiru. Ya ce shi ba haka aka yi shi ba.

Kindness ta raka shi, ita ta kawo mini labari. Tun kafin ya buɗe tawul ya zayyana laifinsa. Madam ta daɗe a Kano, Hausarta ta fi ta rabin mutanen Abuja. Ta dubi haure biyu, ta zauna, ta toshe baki da gefen mayafi.

Ta ce, "Malam Abednego, haka kakata ta ba ni shi. Sunansa Ganesha. A wurinmu shi ya karya hauren da kansa. Yana tsakiyar rubutu alƙalaminsa ya karye, sai ya ci gaba da haure don kada aiki ya tsaya. Manyan kunnuwan na sauraro ne. Ɓeran kuma kwaɗayin zuciya ne, shi ya sa yake ƙarƙashin ƙafa."

"Wato ban karya ba?"

"Ba ka karya ba. Ƙari ka yi."

Kindness ta ce gogan nata ya yi ajiyar zuciya, sannan ya ɓata rai, don yanzu sai ya cire aikin da ya fi kowanne kyau a rayuwarsa. Ya ɗumama bakin wuƙa, ya zare hauren a hankali, ko tabo bai bari ba.

Tun daga nan duk wata yakan je gidan Madam ya goge Ganesha da burushi mai laushi da kakin zuma. Ya hana a wanke shi da ruwa, ya sa an matsar da shi nesa da taga da esi. Rannan na tambaye shi ko hannunsa ba ya ƙaiƙayi idan ya ga guntun.

Ya ce, "Iya, in na zo wajen bakin, ido ɗaya nake rufewa."